Kuntigin Ɗanmaraya da Jitar Bature: Tarihi da Ƙirar Kayan Kiɗa Masu Suna

A hutun ƙarshen zangon da ya wuce na kai wa wani abokin karatuna ziyara a Yangoji, wani ɗan gari da ke ƙaramar hukumar Kwali, a bakin hanyar da ta tashi daga Abuja zuwa Lakwaja. Da yamma muna zaune a ƙofar shagon wansa, sai ƙaninsu ya fito da wata tsohuwar jita da ya saya wurin 'yan gwanjo. Fentinta ya koɗe, bayanta ya tsage, amma a kanta ga sunan Martin nan rubuce da ruwan zinariya. Yaron ya ce ya ji labari irin waɗannan tsofaffin jita, in dai na asali ne, kuma in suna da alaƙa da wani shahararren mawaƙi, kuɗin guda ɗaya zai sayi gida a Gwagwalada har a ba da canji. Wani dattijo, tsohon direban babbar mota da ke shan shayi a gefe, ya yi dariya ya ce: "Yaro, tsirkiya har shida! Ɗanmaraya da guda ɗaya da gwangwanin kifi ya zaga duniya."

Daga yaron har dattijon babu wanda ya yi ƙarya. Wannan hira ita ce ta sa na ga ya dace in ɗan yi wa 'yan'uwana ɗalibai bayani a kan waɗannan kayan kiɗa biyu, wato yadda aka ƙera su, da tarihinsu, da kuma yadda kowannensu ya samu suna. Dalili kuwa shi ne, mu da muke nazarin waƙar baka mun fi mayar da hankali ga ɗiyan waƙa da salo da jigo, abin kiɗan kuwa sai mu ambace shi a layi guda mu wuce. Da yawanmu za mu iya rubuta shafi goma a kan jigon gargaɗi a waƙoƙin Ɗanmaraya, amma a ce mu lissafa sassan kuntigi da sunayensu na Hausa, sai ido ya raina fata.

Kalmar jita

Tunda harshe ne sana'armu, bari mu fara da kalmar. Jita, wasu kuma su ce gita, ararriya ce daga Ingilishi. Turawan Ingila ba su furta harafin r na ƙarshen kalma, saboda haka Bahaushe ya ji wasalin a ne kawai, kamar dai yadda ya ji a mota da tela da direba. Da yake kalmar ta ƙare da a, kuma ba mutum take nufi ba, sai ta faɗa jinsin mace. Shi ya sa muke cewa jitar wane ta fashe, alhali kuntigi da gurmi da molo da goge duk maza ne, garaya da kukuma kuma mata. Su ma Turawan Ingila arowa suka yi daga mutanen Sifaniya, kuma asalin kalmar na komawa ne ga wani abin kiɗa na tsofaffin Girkawa. A Sifaniya ɗin ne ma wani maƙeri mai suna Antonio de Torres, wanda ya rayu daga 1817 zuwa 1892, ya daidaita girma da siffar jitar gargajiya da aka sani a yau.

Jita iri biyu ce. Akwai ta lantarki wadda sai an haɗa ta da lasifika take magana, akwai kuma ta katako mai rami a ciki, wadda cikinta ne ke ƙara mata murya. Wannan ta biyun ita ce tamu a nan, domin ita ce 'yar'uwar kuntigi.

Jita mai ɗauke da sunan mawaƙi

A Amurka, tun a shekarun 1920 kamfanonin ƙera jita suka gane cewa sunan mawaƙi yana sayar da kaya. Wajejen 1928 kamfanin Gibson ya fito da wata jita da ya sa wa sunan mawaƙi Nick Lucas, har da hotonsa a manne a cikinta. Daga nan abin ya zama al'ada: mawaƙi ya faɗi irin katakon da yake so, da faɗin wuya, da zurfin ciki, kamfani ya ƙera, sa'annan ya buga irinta da yawa ya sayar wa masoyan mawaƙin.

Misalin da ya fi dacewa da hirarmu ta Yangoji shi ne na kamfanin Martin, wanda wani Bajamushe, Christian Frederick Martin, ya kafa a 1833, kuma yake da mazauni a garin Nazareth na jihar Pennsylvania. A 1933 wani mawaƙi kuma ɗan wasan finafinan kaboyi, Gene Autry, ya nemi a ƙera masa babbar jita wadda ta fi kowace ado. Aka ƙera, aka rubuta sunansa da ɓawon kifin teku mai sheƙi a kan wuyanta, aka ba ta lambar ƙira D-45. Harafin D ɗin na nuni ne ga wani katafaren jirgin ruwan yaƙi na Ingila mai suna Dreadnought da aka ƙaddamar a 1906, wato dai ana nufin jita ce mai ƙaton ciki. Daga 1933 zuwa 1942, lokacin da yaƙin duniya na biyu ya sa aka dakatar da ƙera ta, guda 91 kacal aka yi, kuma ba a dawo da ita ba sai 1968. Waɗannan 91 ɗin su ne masu tara tsofaffin kaya ke rububi a kai. Ta Gene Autry ɗin tana ajiye a gidan tarihin da ke ɗauke da sunansa a Los Angeles.

To, mene ne a jikinta? Fuskarta, wato allon saman da ke da ramin, an yi ta ne da katakon wani icen ƙasashen sanyi mara nauyi mai saurin karɓar girgiza. Baya da gefuna kuwa da wani jan katako mai tauri daga Barazil, wanda kamfanin ya daina amfani da shi a yawancin kayansa a 1969, kuma a 1992 aka sa shi cikin itatuwan da aka tsananta hana fataucinsu tsakanin ƙasashe. Wannan kaɗai ya isa ya sa tsofaffin su yi tsada. Tsirkiyoyi shida ne na ƙarfe, tsawon kowace daga inda ta tashi zuwa inda ta sauka inci 25.4, faɗin cikin kuma ya ɗan haura inci 15. Idan aka ɗaure su duka, ƙarfin da suke jan fuskar da shi ya wuce nauyin kilo 70, alhali kaurin allon bai kai na murfin littafi mai kwali ba sosai. Abin da ke hana shi ɓallewa shi ne wasu 'yan sanduna da aka manna daga ciki, biyu daga cikinsu sun gitta juna kamar alamar sau a lissafi. A wuyan kuma an kafa 'yan ƙarafa a jere, kowanne yana nuna wa yatsa daidai inda zai danna.

Game da kuɗi, yaron Yangoji bai yi ƙari ba. Jitar Martin ƙirar 1939 da Eric Clapton ya kaɗa a wani shirin talabijin a 1992 an yi gwanjonta a 2004 a kan dala 791,500. Wata kuma ƙirar 1959 da Kurt Cobain ya riƙe ta haura dala miliyan 6 a gwanjon da aka yi a 2020. Katakon ba shi ya kai wannan kuɗi ba, hannun da ya taɓa shi ne.

Ƙirar kuntigi

Yanzu mu dawo gida. Kuntigi, wasu su ce kuntugi ko kontigi, shi ne ƙarami a cikin dangin kayan kiɗan Hausa masu tsirkiya da ake kaɗawa da yatsa. Yayyensa su ne garaya mai tsirkiya biyu, wadda aka sani da mafarauta da 'yan bori, da gurmi, da molo mai tsirkiya uku. Goge da kukuma su ma tsirkiya gare su, amma gogawa ake yi da izga, saboda haka gidansu daban. Zabarmawa da mutanen Songhai su ma suna da abin kiɗa irin kuntigi mai tsirkiya ɗaya.

Tsawon kuntigi gaba ɗaya bai fi kamu guda ba. Cikinsa a da ɗan ƙoƙo ne, daga baya makaɗa suka koma ga gwangwanin kifi mai siffar ƙwai. Akan cire murfin gwangwanin, a rufe bakin da jiƙaƙƙiyar fatar akuya, a ɗaure ta tam a bar ta ta bushe. Sai a soka siririyar sanda ta zama wuya, a bar ɗan rami a fatar. Tsirkiya ɗaya ce, tana tashi daga gindin sandar, ta bi ta saman fatar, ta je can kusa da kan sandar inda ake ɗaure ta. A da da gashin wutsiyar dabba ake murɗa ta, yanzu kuwa siririyar waya ce. Babu kunnuwan murɗawa irin na jita. In makaɗi yana son murya ta hau ko ta sauka, ɗaurin yake matsarwa. Wasu kan maƙala ɗan faifan ƙarfe mai ƙananan zobba a kan sandar, domin ya riƙa ba da kacau-kacau a bayan kiɗan.

Mai karatu ya lura da kalmomin nan. Tsirkiya asalinta ta baka ce, wato igiyar da maharbi ke ɗana kibiya a kai, kuma wannan ba abin mamaki ba ne idan muka tuna cewa garaya kiɗan mafarauta ce. Ɗan abin da ke tallafe tsirkiya a kan fata, kamar a goge, sunansa jaki, domin shi ke ɗauke da kaya. Jita ma tana da nata jakin, sai dai manne yake da allo. Ashe ke nan duk wanda zai fassara bayanin jita zuwa Hausa ba ya bukatar ya ƙirƙiro kalmomi da yawa. Wuya, ciki, tsirkiya, jaki, duk ga su nan a bakin makaɗanmu, matuƙar mun je mun tambaye su tun suna raye.

Ta yaya tsirkiya ɗaya ke ba da muryoyi da yawa? Ƙa'idar ɗaya ce da ta jita. Idan aka kaɗa tsirkiya tana girgiza, gwargwadon gajartarta gwargwadon saurin girgizar, gwargwadon kuma tsinin muryar. Makaɗi yakan sa yatsun hannun hagu ya taɓa tsirkiyar a wurare daban-daban, sai tsawon ɓangaren da ke girgiza ya ragu. In ya taɓa daidai tsakiya, zai sami muryar farko amma a sama, kamar yaro da babba suna rera waƙa ɗaya. Ita tsirkiyar kanta muryarta ba ta da ƙarfi. Fatar ce ke karɓar girgizar ta tura iska, gwangwanin kuma ya mayar da amo. Da yake cikin ƙarami ne, kuma ƙarfe ne, muryar takan fito siririya mai kaifi, tana yankewa da wuri. Wannan ne ya sa mai kuntigi ba ya barin hannunsa ya huta, dole ya yi ta maimaita bugu da sauri don kada a sami gurbi.

A nan ne, a ganina, kuntigi ya fi jita dacewa da harshenmu. Hausa harshe ne mai karin sauti: akwai karin sama, da na ƙasa, da faɗau, kuma a cikin jimla karin yakan riƙa gangarowa sannu a hankali har zuwa ƙarshe. 'Yan ƙarafan da ke wuyan jita sun yanka murya gida-gida, yatsa ba ya iya tsayawa a tsakanin gida biyu sai da dabara. Wuyan kuntigi kuwa sumul yake, yatsa na iya zamewa ya bi faɗau yadda harshe ke yin sa. Duk wanda ya saurari faifan Ɗanmaraya da kunnen basira zai ji wuraren da kuntigin ke maimaita karin jimlar da bakinsa ya gama faɗa.

Fata da katako kuma duk bayin yanayi ne. Da damina fatar kuntigi takan saki, muryar ta dushe, sai an kanga ta a wuta ko an shanya ta a rana. Da hunturu kuwa takan ɗame. Jitar katako ita hunturun ne maƙiyinta, domin maƙeranta sun fi son a ajiye ta inda laimar iska take wajejen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, busasshiyar iskarmu kuwa takan sauka ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Tsagewar da na gani a bayan jitar Yangoji ba ta rasa nasaba da wannan.

Mai kuntigin

An haifi Adamu Wayya a Bukuru kusa da Jos a 1946. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru ne, kuma iyayensa duka sun rasu tun yana ƙarami, Sarkin ya ɗauke shi ya riƙe. Daga nan laƙabin Ɗanmaraya ya samo asali. A wata tafiya da ya yi zuwa Maiduguri ne ya ga masu kaɗa kuntigi, abin ya ba shi sha'awa, da ya dawo gida ya haɗa nasa.

Yana da kyau mu tsaya a kan Bukuru kaɗan. Gari ne da haƙar kuza ta raya. Tun farkon ƙarni na 20 Hausawa suka yi ta kwarara zuwa tsaunukan Jos neman aikin lebura da kasuwanci, kuma a 1914 ƙaramar hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta isa yankin don kwasar kuzar. Shi kuwa gwangwanin abinci na wancan zamani ƙarfe ne da aka shafe da kuza don kada ya yi tsatsa. Wato ƙasar da ake tono kuza a kai Turai, a can ne wani maraya ya tsinci gwangwanin da Turai ta aiko, ya mayar da shi abin neman abinci. Irin jama'ar da ke wannan wuri, lebura da direba da ɗan kamasho da mai abincin sayarwa, su ne suka fara saurarensa, kuma su ya fara yi wa waƙa. Waƙar Karen Mota, wadda ta fito da shi, yabo ce ga yaron mota, mutumin da ba wanda ya taɓa tunanin ya cancanci waƙa. Ba mamaki dattijon direban nan na Yangoji yake jin Ɗanmaraya nasu ne.

Abin da ya bambanta shi da manyan makaɗan zamaninsa shi ne kaɗaici. Mamman Shata yana da masu kalangu da 'yan amshi, makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo suna da ƙungiya guda. Ɗanmaraya shi kaɗai yake tsayawa. To wa zai yi masa amshi? Kuntigi. Idan ya kai ƙarshen ɗa ya yi shiru don ya numfasa, kuntigin ne ke cike gurbin da 'yan amshi za su cike. Wannan tsari ya ba shi 'yancin da mai ƙungiya ba shi da shi, domin yana iya tsawaita labari, ya sauya murya ya zama miji, ya sake sauyawa ya zama mata, ba tare da ya jira kowa ba. Waƙoƙinsa irin su Jawabin Aure da Auren Dole da Gulma Wuya kusan wasan kwaikwayo ne na mutum ɗaya. Saboda haka ɗalibin da ya yi nazarin tsarin waɗannan waƙoƙi a takarda kawai, bai sa kuntigi a lissafi ba, ya bar rabin amshin a waje.

Da wannan ɗan gwangwani ya je ƙasashen Turai da Amurka, ya sami lambobin girmamawa na ƙasa, Jami'ar Jos kuma ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Ya rasu a Jos ranar Asabar, 20 ga Yuni, 2015.

Ba shi kaɗai ne ya fara da tsirkiya ɗaya ba. Ali Farka Touré na ƙasar Mali, wanda aka haifa a 1939 ya rasu a 2006, da irin wannan ƙaramin abin kiɗa ya fara tun yana yaro, sai a 1956 ya ga Fodéba Keïta na Gini yana kaɗa jita, ya koma gare ta, ya kwashe salon tsirkiya ɗaya ya zuba a kan shida. Shi ya bi wannan hanya ya yi suna a duniya. Ɗanmaraya ya zauna a kan tasa.

Wa ke ba wa wani suna?

A Amurka mawaƙi ne ke ba jita sunansa, a ce jitar Nick Lucas, jitar Gene Autry, a buga lamba a jikinta, a rubuta shekarar ƙira a littafin kamfani. A ƙasar Hausa abin kiɗan ne ke ba mutum suna. Mukan ce Ɗanmaraya mai kuntigi, Haruna Uji mai gurmi, Hassan Wayam mai kukuma. Kalmar mai a nan ta wuce mallaka kawai, tana nuna sana'a da shahara, kamar a mai unguwa ko mai gida. Shi kuntigin kansa ba a ɗauke shi abin adanawa ba. Fata ta fashe a sake wata, gwangwani ya lotse a nemo wani, tsirkiya ta tsinke a ɗaura sabuwa, kuma duk da haka kuntigin Ɗanmaraya ne. Bature yana ganin daraja a jikin abin, Bahaushe yana ganin ta a hannun mai shi. Ni dai ina ganin kowanne ya kama wani ɓangare na gaskiya, sai dai namu ra'ayin yana da hasara guda: in hannun ya tafi, ba a bar wa na baya abin aunawa ba.

Ga misali nan kusa da Yangoji. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, tukwanen ƙasa take ginawa kamar sauran matan yankinta. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu. A can ne aka riƙa buga wa kayanta hatimi mai haruffan sunanta biyu, tare da hatimin Abuja da rubutun ajami. Ta rasu a 1984, amma saboda wannan ɗan hatimi har yau ana gane aikin hannunta a gidajen tarihi da wuraren gwanjo na Turai. Tukwanen sauran gwanayen mata na zamaninta, waɗanda ba su da hatimi, sun shige cikin tukwanen jama'a.

Kafin in baro Yangoji sai da muka duba jitar yaron. Kamfanin Martin yakan buga lambar kowace jita a jikin wani guntun katako da ke ciki, daidai inda wuya ya haɗu da ciki, kuma da wannan lamba ake gane shekarar ƙira. Muka haska fitilar waya ta cikin ramin, muka leƙa ɗaya bayan ɗaya. Babu lamba, sai busasshen gam da yanar gizo-gizo. Yaron ya ɗan yi jim, sa'annan ya ɗauki abarsa ya ci gaba da kaɗawa. Dattijon ya ajiye kofin shayinsa ya ce masa in yana son ya koyi kiɗa da gaske, ya kwance biyar ya bar ɗaya.